Darasi: Na'a-na'ar Mage, Aikinta a Jikin Kyanwa da Yadda Ake Ba da Ita

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin mece ce na'a-na'ar mage da ƙasashen da ta fito;
2. bayyana abin da ƙanshinta yake yi wa mage da tsawon lokacin da yake ɗauka;
3. bambance wasan da ganyen ke sa mage ta yi da alamun ciwo na gaskiya;
4. ba mage ganyen ba tare da an cutar da ita ba, tare da sanin kayan cikin gida da suka fi shi haɗari nesa ba kusa ba.

Gabatarwa

Mage tsohuwar abokiyar zamanmu ce. A ƙauye ita ce mai gadin rumbu, a birni ita ce ke hana ɓera sakewa a ɗakin girki da shago. Yanzu kuma an samu masu kiwonta don sha'awa kawai, suna saya mata abinci na musamman da kayan wasa. Cikin irin waɗannan kaya da ake shigowa da su daga waje akwai wani busasshen ganye, wani lokaci a 'yar leda, wani lokaci a ɗinke cikin 'yar tsana mai siffar ɓera ko kifi. Wataƙila wasunku sun taɓa gani a waya: an zuba wa mage ganyen, ta shaƙa, ta faɗi tana birgima kamar an yi mata albishir. Mai kallo yakan yi dariya, sannan ya tambaya: wannan ba kayan maye ba ne? Ba zalunci ba ne a ba dabbar da ba ta da bakin magana?

Tambayar tana kan hanya, kuma mai tausayin dabba ne yake yin ta. Amsarta ce wannan darasi.

1. Wace tsiro ce wannan?

Turawan Ingila da Amurka suna kiranta katnif. Masana tsirrai kuma suna rubuta sunanta da Latin, *Nepeta cataria*, kalma ta biyu daga sunan mage ta samo asali a wannan harshe. Da yake ba tsiron ƙasarmu ba ce, a darasin nan za mu kira ta na'a-na'ar mage, domin danginta ɗaya da na'a-na'ar da muke sakawa a shayi da kuma ɗoɗɗoya. Duk wanda ya murza karan na'a-na'a tsakanin yatsunsa ya san ba mulmulalle ba ne, kusurwa huɗu gare shi. Haka karan wannan ma yake. Ganyenta yana da siffar zuciya, bakinsa kamar haƙoran zarto, launinsa kore mai ratsin toka, da ɗan gashi mai laushi a jikinsa. Tsayinta yakan kai rabin mita zuwa mita ɗaya, furenta ƙanana ne farare masu ɗigon shunayya.

Asalinta Turai ne da yammaci da tsakiyar Asiya. Daga can aka kai ta Arewacin Amurka, inda yanzu take fitowa da kanta a bakin hanya da gefen gonaki. Tun kafin a fara sayar da ita don maguna, mutanen Turai suna dafa ganyenta su sha kamar shayi don samun natsuwa.

> AKWATI NA 1
> Na'a-na'ar mage: tsiro ce daga dangin na'a-na'a wadda ƙanshinta ke sa yawancin maguna birgima da shafa jiki na ɗan lokaci.
> Nefetalakton: sinadarin da ke cikin man ganyen da karan tsiron, wanda shi ne yake aikin.

Ku lura da abu ɗaya tun yanzu. Kasancewar su dangi ɗaya bai sa na'a-na'ar shayi ta zama na'a-na'ar mage ba. Ta shayi ba ta da wannan sinadari, ba za ta sa mage wasa ba, kuma in mage ta ci ta da yawa tana iya ɓata mata ciki.

2. Abin da ake gani idan mage ta shaƙa

A jikin ganyen akwai 'yan ƙananan jakunkunan mai da ido ba ya gani sosai. Idan aka murza ganyen, ko mage ta taka shi, ko ta tauna, jakunkunan sai su fashe, ƙanshin ya tashi. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Samuel McElvain, na Jami'ar Wisconsin a Amurka, shi da abokan aikinsa ne suka fara ware wannan sinadari a shekarar 1941.

Abin yakan bi tsari kusan iri ɗaya. Mage za ta fara sunsuna. Sai ta lasa ko ta ɗan tauna, tana kaɗa kai. Daga nan ta shiga goga kumatunta da haɓarta a kan ganyen, sannan ta kwanta ta yi ta birgima, tana juya baya da ciki. Wata takan rungume 'yar tsanar da ƙafafun gaba tana harbin ta da na baya. Wata miyau ya zubo mata, wata ta yi gurnani, wata ta zabura ta zagaya tsakar gida a guje kamar tana bin abin da ba wanda yake gani sai ita. Akwai kuma wadda ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ta lafe wuri guda ta lumshe ido.

Duk wannan bai cika wuce minti 5 zuwa 15 ba. Sai mage ta tashi, ta lashe jikinta, ta kama gabanta. A nan ne abin da na fi so ku riƙe yake: bayan ta gama, ko an tura mata ganyen har bakin hanci ba za ta kula shi ba. Sai an ɗauki lokaci, daga kamar rabin awa zuwa awa biyu, kafin ƙanshin ya sake yi mata aiki. Jikinta da kansa yake ja mata linzami.

> AKWATI NA 2
> Lokacin hutu: tsawon lokacin da mage take yi bayan wasan ganye, wanda a cikinsa ƙanshin ba ya ƙara yi mata komai.

*Misali na 1.* Wata mata ta zuba wa magenta ganyen da ƙarfe 4:00 na yamma. Magen ta yi birgima har 4:10, ta tashi ta hau katanga. Da ƙarfe 4:20 yaran gidan suka dawo daga islamiyya, suna son su gani, aka ƙara zubawa. Magen ta sunsuna ta wuce. Yaran suka ce ganyen ya lalace. Shin haka ne? A'a. Daga 4:10 zuwa 4:20 minti 10 ne kacal, magen tana cikin lokacin hutu. Abin da aka zuba na biyu asara ce, kuma da magen ta cinye shi ma, sai dai ya dame mata ciki.

Wasu suna ganin birgimar sai su ce ai irin wadda macen mage take yi ce lokacin da take neman muzuru. Sun yi kama a ido, amma ba abu ɗaya ba ne. Namiji yana yi, mace tana yi, har wadda likita ya yi wa aikin hana haihuwa tana yi.

3. Ta hanci yake shiga, ba ta ciki ba

Wasan nan ƙanshi ne yake kawo shi. Sinadarin yana taɓa jijiyoyin jin wari da ke cikin hancin mage, su kuma su aika saƙo ƙwaƙwalwa. Me ke faruwa a ƙwaƙwalwar? An daɗe ana hasashe, sai a shekarar 2021 masu bincike na Jami'ar Iwate a ƙasar Japan, ƙarƙashin Masao Miyazaki tare da Reiko Uenoyama, suka kawo bayani mai gamsarwa. Sun yi yawancin aikinsu ne da wata tsiro ta ƙasarsu da ake kira matatabi, wadda take da sinadari ɗan'uwan nefetalakton kuma take sa maguna irin wannan wasa. Sun auna jinin magunan, suka ga wani sinadari mai suna beta-endofin ya ƙaru bayan sun shaƙa. Da suka yi wa magunan allurar nalokson, wadda take toshe hanyar da endofin ke bi, sai birgimar ta tsaya.

> AKWATI NA 3
> Endofin: sinadarin da jiki yake haɗawa da kansa, a mutum da dabba, wanda ke rage jin zafi ya kawo jin daɗi. Yana fita, misali, bayan motsa jiki mai ƙarfi.

To yanzu mu koma ga tambayar maye, mu bi ta a hankali. Ƙwayoyi irin su kodin da mofin, idan mutum ya sha, suna shiga jini su je su zauna a wuraren da endofin ke zama a ƙwaƙwalwa. Daga waje suka zo, jiki ba shi da ikon ƙayyade yawansu, mai sha yana iya ƙarawa da ƙarawa har jikinsa ya saba, ya kasa zama sai da su. Ƙanshin na'a-na'ar mage ba haka yake yi ba. Shi dai yana taɓa hanci ne, jikin magen ya saki nasa endofin gwargwadon yadda ya tsara, sannan ya rufe ƙofa na ɗan lokaci. Shi ya sa ba a ganin mage tana rama ko rawar jiki ko haukan nema don an hana ta ganyen. Waɗannan masu bincike na Iwate sun sake fitar da wani rahoto a 2023 game da magunan da aka daɗe ana ba matatabi, ba su ga alamar kamu da shi ba, ba su kuma ga lahani a hanta ko ƙoda ba.

A ganina kalmar "maye" ba ta dace da wannan ba, kuma amfani da ita yana da illa. Mutumin da ya ɗauka cewa katnif wiwi ce ta maguna yana iya ɗauka cewa wiwin gaske ma wasa ce a gare su. Ba wasa ba ce. Tabar wiwi guba ce ga mage: takan sa ta tangaɗi, ta kasa riƙe fitsari, ta faɗi a galabaice na sa'o'i masu yawa. Busa wa mage hayaƙinta, ko hayaƙin kowace taba, zalunci ne.

Me ya sa tsiro za ta wahalar da kanta tana haɗa irin wannan sinadari? Ba don mage take yi ba, don korar ƙwarin da ke cin ganyenta ne. A binciken Iwate an ga cewa sauro ya rage sauka a kan magunan da suka goga fuskarsu da sinadarin matatabi, don haka masanan suke ganin birgimar wata hanya ce ta shafa maganin sauro a jiki. A 2022 kuma suka nuna cewa lasa da taunar da mage take yi wa ganyen suna ninka ƙanshin da ke fita sau da yawa. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma kada wani ya ji haka ya naɗe gidan sauronsa. Sauron da aka yi gwajin da shi ba irin mai kawo zazzaɓin cizon sauro ba ne, kuma tukunyar ganye a bakin taga ba ta tsare ɗaki.

4. Ba kowace mage ba ce take jin sa

Kusan mage ɗaya cikin kowace uku ba ta damu da ganyen ba sam. Gado ne. Wani masani mai suna Neil Todd ya nuna tun 1962 cewa daga iyaye ake gadon wannan hali. 'Yan jariran maguna ma ba sa jin sa, wasu har gudun warin suke yi, sai sun kai wata uku zuwa shida kafin a san ko suna cikin masu ji. Tsofaffin maguna kuma wasansu yakan ragu.

A 2017 Sebastiaan Bol da abokan aikinsa sun gwada tsirrai huɗu a kan maguna 100 a Amurka. Kusan biyu cikin uku sun amsa wa katnif, kusan 80 cikin 100 sun amsa wa matatabi, kusan rabi kuma sun amsa wa saiwar tsiron baleriyan. Mafi yawan waɗanda katnif bai motsa ba, matatabi ya motsa su. Manyan dangin mage irin su zaki da damisa su ma suna birgima a kan irin wannan ƙanshi. Kare kuwa ko a jikinsa.

*Misali na 2.* A wata unguwa akwai manyan maguna 30. In muka ɗauka biyu cikin uku suna jin ganyen, nawa ne za su yi wasa? A raba 30 gida uku, kowane kaso 10. Kaso biyu 20 ke nan. Saura 10 za su sunsuna su wuce. Wannan kimantawa ce, a zahiri ana iya samun 18 ko 22. Darasin da ke ciki shi ne, idan taku magen ta ƙi kula ganyen, ba ciwo gare ta ba, kuma ba lallai an sayar muku da jabu ba. Kada a tilasta mata, kada a cusa mata a baki.

5. Yadda ake ba da shi lafiya

Ganyen kansa ba guba ba ne. Inda matsala take fitowa shi ne hannun mai bayarwa.

Yawansa kaɗan ne: abin da yatsu uku suka tsunkuno, kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi. A murza shi tsakanin yatsu don ƙanshin ya tashi, a barbaɗa a kan tabarma ko tsumma mai tsabta, a ƙasa, ba a kan katanga ko saman bene ba inda mage za ta iya mirginowa tana birgima. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Idan kullum ake ba ta, takan daina ɗokinsa. Sauran a zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda rana ba ta bugu, domin zafi da haske da iska suna kashe ƙanshin, kuma a ajiye inda magen ba za ta kai ba. Mage da ta samu leda guda ta cinye tana iya yin amai da gudawa. Yawanci yakan wuce da kansa cikin yini guda in an bar mata ruwa mai kyau ta huta, amma idan ya zarce haka, ko ta ƙi shan ruwa, sai a kai ta wurin likitan dabbobi.

A duba 'yar tsanar da ganyen ke ciki. Zare, igiya, maɓalli ko ƙararrawar da ta kusa cirewa sun fi ganyen haɗari, domin zaren da mage ta haɗiye yana iya naɗe hanjinta har sai an yi mata tiyata. Wanda ya iya ɗinki zai iya yin tasa: tsohuwar safa mai tsabta, a zuba ganyen, a ɗinke bakin da kyau.

Akwai magunan da ya fi kyau a bar su ba tare da shi ba, ko a tambayi likita tukuna: mai ciki, mai farfaɗiya, mara lafiya da ake ba magani, da mage mai faɗa. Wata mage a zaman yau da kullum kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, amma in ƙanshin ya ɗebe ta sai ta kai wa hannun da ya matso cafka. Saboda haka yara su tsaya daga nesa su kalla, kada su kai hannu cikinta tana birgima. Idan maguna biyu ne a gida, a fara gwada kowacce ita kaɗai.

> AKWATI NA 4
> Tataccen mai: man da aka tato daga tsiro aka tara ƙarfinsa cikin 'yar kwalba. Ɗigo kaɗan nasa yana ɗauke da ƙarfin ganye mai yawan gaske. Ba a ba mage, ba a shafa mata.

Zan tsaya a kan wannan akwati, domin a nan ne ake rasa maguna. Hantar mage ba kamar tamu ba ce. Akwai wata hanya da hantar mutum da ta kare suke bi su narkar da magunguna da sinadarai su fitar da su, wadda a mage take da rauni sosai. Abin da jikinmu zai wanke cikin sa'o'i, a jikinta sai ya taru. Ƙari a kan haka, mage duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Shafa mata abu da ba ta shi a baki kusan duk ɗaya ne. Don haka tataccen man katnif, man na'a-na'a mai ƙarfi, da man zafi da muke shafawa don mura ko ciwon jiki, duk a nisanta su da ita, ko da ta nuna tana son warinsu.

Haka kuma farasitamol, wanda kusan babu gidan da babu shi. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe mage. Yana lalata jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Sau da yawa mai tausayi ne yake bayarwa, ya ga magensa ba ta da lafiya ya ɓallo mata rabin ƙwaya. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa ƙwayoyin jininta, don haka ragowar miya ba abincinta ba ce. Maganin ƙwari mai sinadarin fametirin, wanda ake sakawa a wasu magungunan ƙuma na karnuka, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da maganin ɓera kuwa ba sai an faɗa ba, har ɓeran da ya ci guba in ta cinye shi yana iya taɓa ta. Masu sayen furanni don ado su sani cewa furen lili, ko garin da ke cikinsa kawai ta lasa daga gashinta, yana kashe mata ƙoda.

Ku dubi wannan jeri ku kwatanta da ɗan ganyen da ake jin tsoro. Abin da ya kamata a kulle a kabad yana nan cikin ɗakunanmu tuntuni.

6. Wasa ne ko ciwo?

Wasan ganye yana da alamomi uku: an san an ba ta ganyen, abin ya fara nan take, kuma ya ƙare cikin kamar rubu'in awa mage ta koma daidai, tana tafiya sosai, tana ci, tana gane mutanen gida. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, a daina zargin ganye.

*Misali na 3.* Wani magidanci ya ba muzurunsa ganyen ranar Asabar, ya yi wasa ya gama lafiya. Ranar Talata sai ga muzurun yana dalalar da miyau tun safe, ya ƙi abinci, ya ɓuya ƙarƙashin gado, yana kai wa duk wanda ya matso cizo. Matar gidan ta ce ganyen nan ne bai sake shi ba. Mu auna da alamomin uku. An ba shi ganye yau? A'a, kwana uku ke nan. Abin ya ƙare cikin minti 15? A'a, tun safe ake ciki. Ya koma daidai? A'a. To wannan ba aikin ganye ba ne. Yana iya zama guba, ko ciwon baki, ko ƙashi da ya maƙale. Yana kuma iya zama ciwon haukan kare, wanda ke kama maguna, kuma yana nan a ƙasashenmu. Kada a kama shi da hannu, a rufe ɗakin, a fitar da yara, a kira likitan dabbobi. Wanda ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Allurar rigakafinsa ga mage ta fi kowane abin wasa muhimmanci.

Ganyen yana da amfaninsa na gaskiya. Mage da ke zaune cikin gida kullum, ba ta farauta, takan yi ƙiba ta gundura, ganyen yana tayar da ita ta motsa jiki. Idan tana yage kujera da farce, a barbaɗa shi a kan wani katako ko guntun kafet da aka ware mata, sau da yawa takan koma can. Ana kuma sa ɗan kaɗan cikin kwandon da za a ɗauke ta zuwa asibiti, kwanaki kafin tafiyar, don ta saba shiga da kanta. Amma ba abinci ba ne, ba maganin tsutsar ciki ba ne, ba ya warkar da komai. Mage da ba ta taɓa shaƙarsa ba har ta tsufa ba ta rasa wani abu na lafiyarta ba.

Tambayoyin bita

1. Daga wane dangin tsirrai na'a-na'ar mage ta fito, kuma waɗanne tsirrai biyu da muka sani a gida ne 'yan'uwanta?
2. Mene ne sunan sinadarin da ke aiki a cikin ganyen? Ta wace gaɓa yake isa ga ƙwaƙwalwar mage?
3. Ku bayyana "lokacin hutu" da kalmominku. Idan mage ta gama wasa da ƙarfe 7:15 na safe, me za ku ce wa wanda yake son ƙara mata da 7:30?
4. A gidan kiwo akwai manyan maguna 12. In biyu cikin uku suna jin ganyen, nawa ake sa ran ba za su kula shi ba?
5. Wane bambanci ke tsakanin yadda kodin yake aiki a jikin mutum da yadda ƙanshin ganyen yake aiki a jikin mage?
6. Gaskiya ko ƙarya: (a) 'Yar mage mai mako huɗu za ta yi birgima in an ba ta ganyen. (b) Tataccen man katnif ya fi busasshen ganye aminci. (c) Rabin ƙwayar farasitamol ba zai yi wa mage komai ba. Ku kawo dalili a kan kowace amsa.
7. Ku ambaci irin maguna uku da bai kamata a ba ganyen ba sai da shawarar likita.
8. Maƙwabciyarku ta ce magenta tana zubar da miyau tun jiya, kuma ta yakushi ɗanta. Waɗanne matakai za ku ce ta ɗauka, kuma wanne ne na farko?
9. Aikin gida: ku zagaya ɗakin kwana da ɗakin girki, ku rubuta duk abin da darasin nan ya ambata a matsayin guba ga mage wanda kuka samu a inda za ta iya kaiwa. Ku ɗauke su ku adana a yau, sannan ku zo da abin da kuka rubuta aji na gaba.